Babi na Bakwai: Tsintuwa da Cigiya

Me ake kallo a hoton tsohon takalmi? Tambayar da mutane da yawa ke yi ke nan idan suka ci karo da hoton silifas ƙwaya ɗaya a bakin kwalta, ko butar roba da rana ta cinye launinta, ko kujera mai ƙafa uku a bayan kango, sannan suka ji an ce hoton ya ci gasa ko an rataye shi a gidan baje kolin fasaha. Wani ya ce shara ce kawai aka yi wa kwalliya. Wani ya ce hoton ya taɓa masa zuciya, amma da za a tsare shi a ce ya kawo dalili, sai bakinsa ya mutu. Dukansu biyun ma'auni suka rasa, wato abin da mai kallo zai riƙe ya bambance hoton da ya isa a tsaya a kansa da wanda ƙyalli ne kawai. Ma'aunin kuwa yana nan cikin abin da muka taso muna ji a makarantar zaure.

Hukuncin tsintuwa

Littattafan fiƙihu irin su Risala sun daɗe da warware wata mas'ala mai kama da wannan. Wanda ya tsinci abu mai daraja ba ya zama mai shi don kawai hannunsa ne ya riga kaiwa. Ana so ya lura da siffarsa, da abin da aka ƙunshe shi a ciki, da irin ɗaurin da aka yi masa, sannan ya yi cigiya har shekara guda a inda yake fatan mai abin zai ji. Hikimar a fili take: kayan da ke yashe a ƙasa har yanzu suna da igiyar da ta ɗaure su da wani mutum, ko da ba a ganinsa. Mai ɗaukar hoton yasassun kaya shi ma matsinci ne. Ko bai ɗaga abin daga ƙasa ba, ya tafi da siffarsa, zai nuna wa duniya, wataƙila ya sami suna da kuɗi ta dalilinsa. Don haka babbar tambayar mai sharhi ita ce: wannan hoto cigiya yake yi, yana mayar da hankalinmu ga mai kayan da abin da ya same shi, ko kuwa mai hoton ya soke tsintuwar a aljihu ne, ya mayar da asarar wani ado? Duk sauran tambayoyi, na haske da launi da tsari, ƙarƙashin wannan suke.

Yadda aka rabu

Kafin a yanke wa hoto hukunci, sai an fara sanin yadda kayan suka rabu da mai su, domin rabuwa iri-iri ce. Akwai abin da mai shi ya yar da kansa don ya gama amfani, kamar gwangwanin madara ko guntun taba. Akwai wanda ya faɗi ko aka manta. Akwai wanda aka ƙwace da ƙarfin hukuma ko na makami. Akwai kuma wanda aka bari a guje, ko mai shi ya mutu ya bari. Ɗauki silifas misali. A ƙofar masallaci bayan an watse, alama ce ta mantuwa ko musanya. A kan bola, mai tsinkakken hanci, jiran ɗan bola-jari take yi. Amma idan aka ga irinta barjat a filin kasuwa, manya da ƙanana, wasu a kife, babu wanda ya san halin da ƙasa ta shiga a shekarun nan da zai buƙaci a faɗa masa abin da ya faru. Roba ɗaya ce, nauyinta a zuciya ne ya bambanta. Hoton da ya hana mai kallo gane wace irin rabuwa ce, ko ya sa mantuwa ta yi kama da musiba don ya jawo tausayi, ya faɗi tun a matakin farko.

Inda kyamara ta tsaya

Mataki na biyu shi ne duba gwaninta, kuma a nan abubuwa uku ne: tsayin da aka ɗauki hoton daga gare shi, hasken da ya sauka a kan abin, da abin da ke bayansa. Yawancin hotunan da ake ɗauka da waya daga tsaye ake ɗaukarsu, mutum yana kallon ƙasa kamar yadda mai wucewa ke kallon shara, shi ya sa abin yake fitowa a wulaƙance. William Eggleston, mutumin Memphis a Amurka, ya nuna abin da sauya tsayi ke yi. Ya sami keken yara mai taya uku a gaban wasu gidaje, da tsatsa a hannun keken, sai ya kai kyamara har ƙasa. Keken ya cika hoton, gidaje da motar da ke baya suka koma ƙanana, mai kallo ya koma ganin duniya daga tsayin yaron da ya sauka ya tafi. Babu yaro a hoton, amma ba ka iya kallonsa ba ka tuna da shi ba. Wannan hoto ne aka sa a bangon littafin da ya raka baje kolinsa na 1976 a gidan adana fasahar zamani na birnin New York.

Haske shi ke fito da tarihin abu. Hasken tsakar rana yana zubowa daga sama ya shafe komai, amma na hantsi ko na la'asar yana zuwa ta gefe, sai ya shiga kowane tsagu da kowace lotsawa. A nan ne za a ga inda dunduniya ta cinye takalmi ta gefe ɗaya, da inda tafin hannu ya goge taɓarya har ta yi sheƙi, da ɗinkin da aka yi wa fasasshiyar ƙwarya. Waɗannan alamomi su ne sa hannun mai kayan, kuma hoton da ya ɓoye su cikin duhu ko ya wanke su da haske ya zubar da shaidarsa mafi ƙarfi. Abin da ke baya kuwa zaɓi biyu ne: a bar abin a inda aka same shi, wurin ya ba da nasa labarin, ko a ɗauke shi a ɗora a kan shimfiɗa maras ado don ido ya tsaya a kansa shi kaɗai. Irving Penn, wanda ya yi suna da hotunan kayan ƙawa a mujallar Vogue, na biyun ya zaɓa a 1972, lokacin da ya sa aka tsinto guntayen taba a titunan New York, ya ɗauke su a ɗakin aikinsa, ya ƙara musu girma, ya wanke hotunan da filatinam, ƙarfe mai tsada. Kowane zaɓi yana da hujjarsa. Aikin mai sharhi ya tambaya ko zaɓin ya ƙara mana sanin abin ko ya rage.

Hannun da ya gyara

Daga nan sai tambayar gaskiya: an taɓa kayan kafin a ɗauke su? A 1936, lokacin da fari ya addabi tsakiyar Amurka, wani matashi mai ɗaukar hoto na gwamnati, Arthur Rothstein, ya sami ƙoƙon kan wani sa da rana ta ƙone ya yi fari fat a jihar Dakota ta Kudu. Ya ɗauke shi a kan ƙasa mai tsattsagewa, ya kuma matsar da shi ya sake ɗauka a wani wuri kusa. Hoton ya bazu a jaridu a matsayin shaidar fari. Da aka lura ƙoƙo ɗaya ne ke fitowa a wurare daban-daban, sai wata jarida a garin Fargo ta fasa ƙwai, 'yan adawar Shugaba Roosevelt kuma suka samu abin yaƙin zaɓe a wannan shekarar. Farin gaskiya ne, manoma sun tagayyara da gaske, amma matsar da ƙashi guda ya ba masu musu damar ƙaryata wahalar dubban mutane.

Garin Pripyat na ƙasar Yukren ya fi nuna girman matsalar. Tashar nukiliya ta Chernobyl da ke kusa da shi ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986, washegari aka kwashe mazauna garin, kusan mutum 50,000, aka ce musu su ɗauki takardu da abin da ya zama dole, kwana uku za su yi. Ba su dawo ba. Daga baya hotunan garin suka cika duniya, ɗaya daga cikin mafiya shahara na 'yartsana ce a kan gadon ƙarfe, an sa mata abin rufe fuska na kariya daga iskar guba. Sai dai babu yarinyar da ta tsaya yi wa 'yartsanarta haka ranar gudu. Masu ziyara da masu neman hoto mai ban tausayi ne suka jera su, abubuwan rufe fuskar kuma tanadi ne da aka ajiye a makarantu tun zamanin zaman ɗarɗar tsakanin Tarayyar Sobiyet da Amurka. Wanda ya yi wannan jeri ya goge labarin gaskiya ya rubuta nasa a kai. Ana iya gane irin wannan idan aka kula: abin da ya shekara a wuri ɗaya yakan bar zobe na tsatsa ko na ƙura a ƙarƙashinsa, ƙurar da ke kansa takan yi daidai da ta kewayensa, kuma tashin hankali ba ya jera kaya su fuskanci ƙofa kamar 'yan makaranta a gaban mai hoto.

Wannan ba ya nufin taɓa kaya laifi ne. Tom Kiefer ya yi aikin shara daga 2003 zuwa 2014 a wata cibiyar jami'an kan iyaka kusa da garin Ajo a jihar Arizona, inda ake tsare baƙin haure da suka ratso hamada daga Meziko. A kwandunan shara ya riƙa ganin abin da aka karɓe daga hannunsu aka zubar: carbin Kirista, ƙananan littattafan Baibul, matsefai, buroshin haƙori, sabulu, igiyoyin takalma. Tun daga 2007 ya fara tarawa, daga baya ya jera su iri-iri a kan shimfiɗu masu launi ya ɗauka. Babu mai kallon da zai zaci haka aka same su. Jerin a bayyane yake, kuma shi ne saƙon, domin matsefi ɗaya tsautsayi ne, matsefai da yawa tsari ne na hukuma. Bambancin Kiefer da masu jera 'yartsana shi ne shi bai ɓoye hannunsa ba.

Tarkon kyan tsatsa

Akwai hoton da ba a taɓa komai a cikinsa ba, amma duk da haka ya karkatar da gaskiya. Tsatsa da ɓawon fenti da hasken da ke ratsowa ta fasasshiyar taga suna da kyau a ido, kuma wannan kyan yakan shagaltar. Birnin Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, yana da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950, amma a ƙidayar 2010 bai wuce 714,000 ba. A wannan shekarar ne Faransawa biyu, Yves Marchand da Romain Meffre, suka fitar da littafin hotunan kangayen birnin: agogon bango da ya narke a wata makaranta, kujerar likitan haƙori a benen da aka ƙaurace wa, littattafai a warwatse. Gwanintarsu ba abin musu ba ce, kuma sun adana siffar gine-ginen da wasunsu aka rushe daga baya. Amma mazauna birnin da dama sun yi ƙorafi kan wannan salo baki ɗaya, cewa yana nuna garinsu kamar kufai alhali dubban ɗaruruwan mutane, akasarinsu baƙar fata, suna nan suna zuwa aiki suna kai yara makaranta. Hoton ya nuna kujera, bai nuna masana'antun da suka tashi da ayyukan da suka tafi da su ba, sai lalacewar ta zama kamar ruwan sama, abin da ba wanda ya jawo. Wanda zai shiga rufaffun masaƙun Kakuri a Kaduna da kyamara, wannan tarkon ne ke jiransa: injin saƙa mai tsatsa zai yi kyau a hoto, amma wanda ya yi shekaru yana tsaye a gabansa yana nan da rai a unguwannin da ke kewaye.

Hoton da ke cigiya

To yaya hoton da ya sauke nauyin yake? Bayan yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995, Ziyah Gafić ya ɗauki hotunan abubuwan da aka tono tare da gawarwaki a manyan kaburbura: agogo, makullai, tabarau, matsefi. Ya ɗora kowanne a kan teburin ƙarfe na masu binciken gawa, haske iri ɗaya, babu ado, da niyyar dangi su iya dubawa su gane na ɗan'uwansu. Cigiya ke nan a ma'anarta ta asali. Ishiuchi Miyako 'yar Japan ta bi wata hanyar. Tun daga 2007 take ɗaukar tufafin waɗanda bam ɗin nukiliya ya faɗa wa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, waɗanda ke ajiye a gidan tarihin birnin. Takan bar haske ya ratsa yadin, sai a ga furannin da ke jiki da ɗinkin hannu tare da ƙuna. Kyan da ke hotunanta ba na ɓarna ba ne, na matar da ta zaɓi yadin ta sa shi a safiyar ranar ne, shi ya sa yake kai mu wurinta.

Misalin da ya fi kusa da mu na Chibok ne. Bayan sace ɗalibai mata 276 a daren 14 ga Afrilu 2014, Glenna Gordon, Ba'amurkiyar da ta kuma yi aiki a kan marubuta littattafan soyayya na Kano, ta ɗauki hotunan kayan da 'yan matan suka bari, waɗanda danginsu suka bayar: littattafan rubutu, kayan makaranta, riguna. A lokacin da duniya ke ambaton adadi kawai, rubutun hannu a shafin littafi ya tuna wa mai kallo cewa kowace lamba yarinya ce da ke shirin jarrabawa. Aikin ya samu lambar yabo a gasar World Press Photo ta 2015, amma darajarsa ba a lambar take ba. Tana cikin cewa wanda ya kalle shi ba ya tashi yana yabon mai hoto, yana tashi ne yana tambayar ina masu kayan suke.

Masu ja da wannan ma'auni

Wani zai ce wannan ma'auni ya yi tsauri: hoto fasaha ce, ba kotun alƙali ba, kuma mai hoto yana da 'yancin ganin kyau a gwangwani ba tare da ya nemi wanda ya sha madarar ba. Wannan magana tana da gaskiya, fiƙihun ma bai wajabta cigiyar abin da bai taka kara ya karya ba. Guntayen tabar Penn ba su da mai nema, don masu su da kansu suka yar, saboda haka ba mai bin sa bashin labari. Abin da za a auna shi da shi kawai shi ne ko ya sa mun ga abin da muke takawa kullum da sabon ido, kuma ya sa. Nauyin yana ƙaruwa ne gwargwadon zafin rabuwar. Abin da aka yar da ganin dama, mai hoto ya yi wasa da shi yadda ya so. Abin da aka ƙwace ko aka bari a guje, amana ce.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce cigiyar kanta tonon asiri ce: wa ya ba baƙo izinin buɗe littafin yarinya ko wasiƙar mamaci ya nuna wa duniya? Wannan ƙorafi ya fi na farko ƙarfi. A cikin hotunan Detroit akwai na wani tsohon ofishin 'yan sanda inda hotunan waɗanda aka taɓa kamawa ke zube a ƙasa, mutanen da ba a tambaye su ba. Amsar tana cikin ladabin cigiya. Mai cigiya na gari ba ya zayyana duk siffar abin da ya tsinta, yakan faɗi abin da zai sa mai shi ya gane, ya rufe saura. Haka hoto: ya nuna abin da ya isa a san akwai mutum, ya suturta abin da mai shi zai ji kunyar a gani, kuma inda dangi suke a nemi yardarsu. Hoton da ya kai mu ga mai kayan ta hanyar tsiraita shi bai yi cigiya ba, ya ƙara masa asara a kan asara.

Abin da mai kallo zai riƙe

Idan aka haɗa waɗannan, tambayar da muka faro da ita ta sami amsa. A hoton tsohon takalmi, ƙafar da ta sa shi ake nema. Mai sharhi ya fara da faɗin abin da idonsa ya gani ba ƙari, sannan ya tantance irin rabuwar, ya duba ko tsayi da haske da shimfiɗa sun fito da alamun mai shi, ya bincika ko an gyara wurin an ɓoye, daga ƙarshe ya tambayi kansa wa ya tashi yana tunani, mai hoto ko mai kaya. Sai dai mai karatu zai lura cewa a kusan duk misalan nan, hoton shi kaɗai bai isa ba. Ba don an faɗa mana ba, da ba mu san matsefan Kiefer ƙwatattu ba ne, da rigar Hiroshima tsohuwar riga ce kawai. Cigiya sai da baki, bakin hoto kuwa shi ne 'yan kalmomin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa. Yadda layi ɗaya na rubutu ke iya ceton hoto ko ya sa shi yin shaidar zur, shi ne abin da babi na gaba zai duba.